Karsanar da Na Saya wa Dije

Ba fuskarta idona ya fara kamawa ba, faifan da ta rufe ƙwaryar nono da shi ne. Ranar kasuwar Talata ce, ina zaune bayan teburin naman Baba, hannu ɗaya yana kora ƙuda, ɗayan riƙe da wani littafin soyayya da maiƙo ya riga ya cinye masa bango. Sai na hango faifai yana tafe sama da kawunan mutane, an saƙa shi da ja da baƙi, zanen yana kewayawa kamar ruwan tafki in an jefa masa tsakuwa. Na bi shi da ido har ya sauka a gindin darbejiyar da matan Fulani ke zama. Sannan ne na ga mai shi, doguwa, siririya, tana gyara gammo tana hararar wani da ya taka mata zane. Wannan ita ce uwarku, Dije. Na ajiye littafin a kan nama ban sani ba, har Baba ya tambaye ni ko shi ma na sayarwa ne.

Ku ukun nan, Hafsatu da Usman da Maryam, kun daɗe da labarin cewa uwarku ta tafi gaisuwar mutuwa ta ƙi dawowa, wai ta zaɓi daji da shanu ta bar 'ya'yanta. Kun ji shi a tsakar gida, kun ji shi a bakin maƙwabta, ni kuma ina zaune ban taɓa cewa ƙarya ne ba. Yanzu gemu ya yi fari, gwiwa ta fara ƙin tsugunno a kwata wajen fiɗa, ina tsoron in mutu da maganar a cikina. Na sha gwada faɗa muku da baki, harshen ya ƙi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Mu rundawa ne, wato mahauta, tun kaka da kakanni. Yayana Lawali shi ya gaji zuciyar Baba, mutum ne mai magana ɗaya, in ya ɗora hannu a bayan sa zai gaya maka nawa ne nama nawa ne ƙashi. Ni kuwa, Sani, na gaji wuƙa, amma hankalina yana wurin littattafan da ake bayarwa haya a bakin tasha. A cikinsu na koyi duniya, ko in ce na koyi wata duniya da ba tamu ba, inda duk wanda ya yi niyyar alheri ƙarshensa alheri, inda mai ceto yakan iso daidai lokacin da ake bukatarsa. Da wannan kai na je neman auren Dije a rugarsu da ke wajen Faru. Na sha nono a wannan shekarar har na daina jin ɗanɗanonsa. Baffanta, wato mahaifinta, ya ja ni da nisa kafin ya yarda, don Bafillace bai cika son ba mahauci ɗiya ba. Ranar da ya amince, ya yi maganar da ta zauna mini shekara ashirin. A wurinsu yarinya tana da saniyarta tun ranar suna, tana girma saniyar tana haihuwa da sunanta, in ta yi aure tata ce. Tsohon ya dube ni ya ce:

"Na ba ka ɗiya, ban ba ka nama ba. Saniyatta ba ta zuwa gidan masu wuƙa."

Haka Dije ta shigo gidanmu na Mafara da ƙwarya da faifai, ba saniya. Daga baya ma saniyar ta mutu a wata shekarar ciwon dabbobi, Baffa shi ma ya rasu. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba. Amma duk ranar kasuwa, in an koro shanu ta bayan katangarmu za a kai su kara, kasuwar dabbobi, sai in ga taɓarya ta tsaya a hannunta. Ba ta leƙawa, saurare kawai take yi har ƙarar kofato ta ɓace, sannan ta ci gaba da daka.

Ba ta taɓa kiran sunana ba, don kunya irin tasu. Mai Littafi take ce mini. Ke ma Hafsatu, da kike cewa ba ta son ki don ba ta kiran sunanki kuma ba ta yi miki wasa a gaban mutane, ki sani ɗan fari haka suke yi masa. Ni na sha ganinta tana gyara miki kitso kina barcin rana, in ta ji motsi sai ta janye hannu. Da la'asar, in na dawo daga kasuwa na yi wanka, nakan zauna a ƙofar ɗakinta in karanta mata littafi tana saƙar faifai. Ba ta yarda da ko ɗaya. In saurayi ya kwana uku bai ci abinci ba saboda budurwa, sai ta tambaye ni ko mutanen littafina ba su da gona. Amma in na rufe littafin na ce to shi ke nan, sai ta ce ai ba ta ce in daina ba, tana so ta ji ko wawan ya mutu. Waɗannan la'asar ɗin su ne dukiyata. In na rufe ido yanzu ina jin ƙamshin kaba jiƙaƙƙiya da ƙarar basilla tana huda ta.

A wani littafi ne na karanta yadda wani miji ya rufe wa matarsa ido da tafin hannu, ya ja ta tsakar gida, ya buɗe, ta ga kyautar da ta daɗe tana so. Tun daga ranar na ƙulla a raina cewa sai na saya wa Dije saniya, kuma ba za ta sani ba sai ranar babbar Sallah, ta ga ana shigo da ita da igiya.

To a nan ne na yi kuskuren, kuma sai kun san ƙa'idar sana'armu za ku gane girmansa. Ba a sayen saniya sai a kara, kuma sai a gaban dillali wanda ya san mai ita, ya san garinsu, ya san inda dabbar ta fito. Dillali ba don ciniki kawai yake tsaye ba, shi ne shaida. In gobe wani ya zo ya ce saniyarsa ce aka sata, dillali ake kira, shi zai nemo wanda ya kawo ta. Har in mun yanka, ba mu taɓa fata da kunnuwa sai bayan la'asar, suna nan a shimfiɗe, don kowane gida yana da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbarsa, mai cigiya ya zo ya duba. Wannan na san shi tun kafin in iya alwala. Amma dillalan karar Mafara duk abokan gidanmu ne. In na sayi karsana a gabansu da hantsi, kafin azahar matansu sun aiko yi wa Dije barka, kyauta ta lalace. Saboda haka ranar da na je Bakura sayen awaki, da wani mutum ya tare ni a gefen hanya da karsana a hannu, ya ce sauri yake yi ba zai jira kasuwa ba, sai na ga kamar Allah ne ya kawo mini shi. Bokolo ce, fara tas, da baƙi a bakin kunnuwa, idanunta kamar an sa mata kwalli. Fuskar mutumin na sani sama sama, sunansa ban tambaya ba. Na saye ta ba dillali, ba shaida, na ɗora ta a motar kori kura na nufi Faru.

Buba ƙanin Dije ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya gaji garken Baffa. A lokacin magidanci ne da mata da 'ya'ya huɗu, tsohuwarsu tana hannunsa. Abokin wasana ne, Kaɗo yake ce mini, wato Bahaushe a bakinsu, kullum yana cewa in na zo ruga shanunsa ba su cin ciyawa don sun ji warin wuƙa. Ya zagaya karsanar sau biyu, ya buɗe bakinta, sannan ya kama kunnen ya daɗe yana dubawa.

"Kaɗo, wa ya sai maka wagga?"

Na ce wani mutum ne a hanyar Bakura.

"Wane dillali ya tsaya?"

Na yi dariya na ce zuciyata ce ta tsaya. Na ba shi labarin rufe ido da ranar Sallah, na roƙe shi ya riƙe mini ita cikin garkensa wata uku, kada ya gaya wa kowa. Bai yi dariya ba. Ya ce ni da ke yanka su na fi shi sanin cewa saniya ba ta da baki, kunnenta ke magana, kuma wannan tsagar ba ta Fulani ba ce, ta manoma ce. Na ce ai manomi ma yana sayar da dabbarsa. Ya shafa mata wuya, can ya ce, yana kiran yayarsa yadda ya saba:

"Ba a maida wa mijin Adda igiya. Bar ta. Amma ranar Sallah ni za ni jawo ta, in ga fuskar Adda."

Ya kamata in gaya muku yadda ƙasar take a wannan shekarar, don ku biyu ƙanana ne, Hafsatu kuma tana ɗakin mijinta. Ɓarayin daji sun riga sun hana mutane sakat. Suna zuwa a kan babura da rana tsaka, su kore shanun noma, su ɗauki mutum sai an fanso shi, wanda ya yi gardama su harbe shi. Ba su bar manomi ba, ba su bar makiyayi ba, Buba kansa an taɓa raba shi da rabin garke. Da kaka ta yi, suka kashe Nura, ɗan Lawali na fari, a gonarmu ta wajen Ruwan Gizo, yana ɗaure damin gero. Ni na yi masa wanka. Lawali bai zubar da hawaye ba, amma daga ranar bai sake zama a teburin nama ba. Ya tara samari da magidantan da aka yi wa irin tasa, suka sa maƙera suka ƙera musu bindigogi, suka rataya layu, suka yi rantsuwa a tsakaninsu, suka ce su ne masu sintirin da za su tsare gari. Ba zan ɓoye muku ba, ranar farko da suka wuce a jere mata sun yi guɗa, ni ma na ɗaga hannu. Inna, kakarku, ta tofa musu addu'a a ƙofar gida. Mutanen da aka daɗe ana takawa sun ga nasu sun tashi.

Ba a jima ba abin ya sake kama. Ɓarawo yana daji da bindigar da ta fi tasu, wanda ake iya kamawa shi ne wanda ya shigo kasuwa da sanda a kafaɗa. Aka fara tare Fulani a hanya, a tambaye su, in amsa ba ta yi daɗi ba a wuce da su. Ba alƙali, ba shaida. Gindin darbejiyar nan da na fara ganin uwarku ya zama fili, ba ƙwarya ko ɗaya. Dije ta daina fita, ta cire 'yan kunnenta na azurfa ta ƙulle a tsumma, in za ta yi muku waƙarsu sai ta sa baki a kunnenku. Matar Lawali ta daina cin abincin da ta dafa. Akwai wani tsohon malamin makaranta a majalisarmu, mai yawan jin rediyo, shi ya taɓa tsayar da Lawali ya ba shi labarin wata ƙasa a Turai. Ya ce akwai wasu mutanen tsaunuka masu yarensu daban, wasu daga cikinsu suka ɗauki makami suna son ɓallewa, suna kashe mutane. Sai wasu kuma suka tashi da sunan kare ƙasa, suka shiga farautarsu ba tare da shari'a ba, kuma cikin waɗanda suka kashe akwai waɗanda ba ruwansu, laifinsu yare da kama. Lawali ya saurare shi har ƙarshe don girmansa, sannan ya ce Malam bai binne ɗa ba.

Duk wannan yana faruwa, karsana tana Faru, ni kuma ina ƙirga kwanakin Sallah. Ya zo mini a rai sau da yawa in je in ɗauko ta, ko in gaya wa Lawali yadda aka yi tun ana zaune lafiya. Amma sai in tuna tafin hannuna a kan idon Dije, in ce saura kaɗan.

Saura kwana tara Sallah, ranar kasuwa, rana ta kusa tsaka, sai ga Lawali a gaban teburina da bindiga a rataye. Ya yi mini doguwar gaisuwa kamar baƙo, ya tambayi kasuwa, ya tambayi iyali, alhali da safe muka fito gida ɗaya. Na ajiye wuƙa. Ya zagayo ya zauna kusa da ni a benci, ya yi ƙasa da murya ya ba ni labari. Wani manomi daga ƙauyukan Bakura da aka kore wa dabbobi, mutanensu sun zaga da shi rugage, ya ga karsanarsa a garken Buba, ya nuna tsagar kunne, 'yan garinsu sun shaida. Sun kawo Buba ɗaure, yana bayan kara, ƙarƙashin tsamiya. An tambaye shi inda ya samo ta, ya ƙi magana har aka taɓa lafiyarsa, sannan ya ce a kira Sani.

"In kai ka ba shi, faɗa min. Amma ka san abin da kaka faɗi. Yarana sun daɗe suna cewa rundawa ka sayen na sata, ni nika danne su. Mahaucin da ya sai saniya ba dillali, wa za shi yarda ba da sani ya yi ba? Ba su barin ka don ni, kuma ba su barin gidanga. Ka tuna ɗiyanka, ka tuna Inna."

Ya dube ni, kuma na tabbata a idona ya karanta amsar, don Lawali ba ya bukatar a buɗe masa cikin sa kafin ya san abin da ke ciki.

"In ka yi shiru, sai in ce ban ishe ka ba."

Abin da na ce masa shi ne ya ba ni lokaci in yi azahar. Ya tashi ya tafi.

Na sha juya wannan sa'a guda a raina fiye da duk sauran rayuwata. Daga teburina zuwa tsamiyar nan bai kai tafiyar da za ka gama cin goro ɗaya ba. Ban ce ba zan je ba, kada ku ɗauka haka, amma kada kuma ku yi mini uzuri. Na ce wa kaina zan je, sai dai in je da ƙarfi. Na yi alwala, na yi salla, na daɗe a sujada. Na fito na nufi gidan Sarkin Fawa don ya raka ni ya yi mini shaidar hali, aka ce ya tafi ɗaurin aure. Na tsaya a ƙofar gidansa ina shirya kalmomin da zan faɗa, ina ganin kaina ina ratsa taro, ina ɗaga hannu, ana kwance igiya, Buba yana cewa Kaɗo ka daɗe. Haka ake yi a duk littafin da na karanta, mai gaskiya yakan iso a shafin ƙarshe kuma ana jiransa. Tsoro ne, 'ya'yana, ya sa rigar dabara. Da na isa tsamiya ba kowa sai mutum uku suna cin rake, da igiya a ƙasa, da takalmin roba ƙafa ɗaya. Na tsaya a tsakiyar filin na ɗaga murya na ce ni na sayi karsanar, ni na kai ta, Buba amana ya riƙe mini. Ɗaya daga cikinsu ya tofar da ɓawon rake ya ce:

"Yanzu kuma, Malam Sani? Ai sun yi daji da shi tun ana kiran salla."

Washegari da hantsi aka samo gawar Buba a bakin wani rafi. Ba wanda ya taɓa ni. Maganar da na yi a tsamiya ta mutu a wurin, don Lawali ya ce wa yaransa ruɗewa ce, ina so in wanke suruki.

Ni na gaya wa Dije, da bakina, kafin kowa. Wannan kaɗai ne abin da na yi daidai. Na same ta a ƙofar ɗaki da faifai a cinya, na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga littafin har zuwa sujadar da na tsawaita. Ba ta yi kururuwa ba, su ba su yi. Basillar ce kawai ta tsaya. Ta daɗe tana kallon katanga, inda shanu ke wucewa ta baya, sannan ta tambaye ni abin da ban zata ba.

"Wace iri ce?"

Na ce bokolo ce, fara, da baƙi a bakin kunnuwa.

"Irin tawa," in ji ta.

Ta sunkuyar da kai, sai can ta ƙara da cewa, "Mai Littafi, da ka tambaye ni, da na ce maka na daɗe da daina so."

Kwana biyu ta yi tana shiri, tana wanke kayanku, tana yi wa Maryam kitso ƙanana waɗanda za su daɗe. Gidan ya yi tsit. Lawali yana shiga yana fita ta zaure ɗaya da ita, randa ɗaya suke sha. Inna ta shiga ɗakinta ta kama hannunta tana kuka, tana cewa ɗa ya kashe, ɗa ya yi shiru, ita wanne za ta tsine wa. Dije ta ce mata kada ta tsine wa kowa. Na roƙe ta mu bar gidan, mu kama haya, mu koma Gusau ko Sakkwato. Ta ce tsohuwarta ba ta da kowa yanzu, ga marayu huɗu, ga mutanensu suna shirin tashi don ba Bafillacen da zai sake kwana a wajen Faru da ido biyu rufe. Na ce to ta tafi da Maryam ko da ita kaɗai. A nan ne kawai na ga hawayenta. Ta ce a gari ku 'ya'yan rundawa ne, ba mai taɓa ku, a daji kuwa ku Fulani ne ga masu sintiri, Haɓe ga ɓarayi. Ta ce ba za ta ɗauki ɗa ta kai shi inda za a tambaye shi ko shi wane ne ba. Wannan ita ce uwar da aka ce muku ta bar ku don shanu.

Na raka ta tasha da safe. Na so in faɗi wata magana, cikin dubban da na haddace, ba wadda ta yi daidai da bakina. Ta shiga motar Maradun, ta ɗora ƙullin kayanta a cinya, ba ta waiwayo ba. Da na dawo gida na tarar da faifan da take saƙa a kan tabarma, rabi, basilla a soke. Yana nan cikin akwatina, Maryam ta taɓa ganinsa ta tambaye ni, na ce na wata baƙuwa ne.

Bayan Sallah na je Faru, na tarar da ruga ba kowa, sai turaku da toka. Da matar Lawali ta fara cewa jini ya ja uwarku, ta gudu, na ji, na yi shiru, don in na ƙaryata sai in faɗi dalili, in na faɗi dalili sai ku dube ni yadda nake duban kaina. Shirun farko na sa'a guda ne, na biyu ya ɗauki shekaru. Ni da Lawali ba mu sake cin tuwo a kwano ɗaya ba har ya rasu, ko da yake ni na sa shi a kabari, kuma ina roƙa masa gafara yadda nake roƙa wa kaina. Littattafai kuwa na daina karɓa haya. An sha kawo mini maganar aure, na ce ina da mata. Duk dillalin da zai yi kudu sayen shanu sai na bi shi tasha na ba shi kwatance: doguwa, siririya, tana saƙa faifai ja da baƙi, zanen yana kewayawa. Har suka mai da ni abin wasa, in sun dawo su ce Malam Sani, mun ga faifai ɗari, ba mu ga naka ba.

Bara da damina ɗayansu ya dawo bai yi wasa ba. Ya kira ni gefe ya ce ya gan ta, a wata kasuwar ƙauye can cikin jihar Neja, zaune a layin masu nono. Ya ce ta rame, ido ɗaya ya yi hazo, amma hannun yana nan. Tsohuwar ta rasu da daɗewa, 'ya'yan Buba ta aurar da uku, tana zaune wajen babban. Da ya ce mata daga Mafara yake, ta ajiye ludayi. Ta tambayi Usman, ta tambayi Maryam, ta ce ita waccan fa, 'ya'yanta nawa yanzu, don har yau ba ta iya kiran sunanki, Hafsatu. Ya ƙirga mata jikoki, tana maimaita sunayen ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Ya jira ta tambaye ni, ba ta tambaya ba, sai da ya tashi zai tafi ta ce ko Mai Littafi yana karatu har yanzu. Ya ce mata na daina. Ta ce ashe. Ya ce mata ban yi aure ba, ta ce ita ma ba ta yi ba. Ya tambaye ta ko akwai saƙo. Ta gyara faifan a kan ƙwarya, sannan ta ce:

"Ka ce mishi ban ce ya sake ni ba, ban kuma ce ya zo ba. Yara dai, in suna so, hanya ba ta da ƙofa."

Na rubuta sunan kasuwar da ranar cinta da motocin da ake shiga a bayan wannan takarda. Ni ba a kira ni ba, kuma na koyi cewa ba kowane taro ake jiran mutum ya ratsa ba. Ku aka kira. In kun tashi tafiya ku buɗe akwatina ku ɗauki faifan nan, basillar tana jiki, kada ku zare ta. Ku miƙa mata, kada ku ce komai a kaina. In ta ga dama ta ƙarasa.